Janareto mai injin Perkins na 100 kVA a asibiti mai gado 30 zuwa 50: inda ya yi kyau da inda yake gazawa

Duk mai asibiti da ya shiga kasuwa neman janareto, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, da wuya ya fito ba a nuna masa mai injin Perkins na 100 kVA ba. Kamfanoni da dama ke haɗa shi, irin su FG Wilson da Mikano, kowa da launin akwatinsa, amma injin da ke ciki yawanci ɗaya ne, wato 1104C-44TAG2. Ra'ayina a kansa a fili yake: inji ne nagari, ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ana sayar da shi kamar shi kaɗai ya isa maganin ɗaukewar wuta a asibiti, kuma bai isa ba. Abubuwan da ake bari a baya lokacin ciniki su ne ke sa ɗakin tiyata ya yi duhu alhali janareto na miliyoyi yana tsaye a bayan gini.

Injin silinda 4 ne a jere, girmansa lita 4.4, yana da turbo da abin sanyaya iska kafin ta shiga inji, yana juyi 1,500 a minti don ya ba da 50 Hz. Famfon mansa na tsohon tsari ne, ba irin na sababbin injina da ba a taɓa su sai da kwamfuta ba. Wannan babban alheri ne a wajenmu, domin ƙwararren bakaniken gas zai iya kwance nozul da famfo ya gyara, kuma filta da fanbel da gasket ɗinsa ba sa wuyar samu. Kafin a biya, a duba farantin da ke jikin injin kansa, ba takardar da aka liƙa a jikin akwati ba. Lambar wannan samfurin tana farawa da RJ. A kwafi lambar gaba ɗaya a tabbatar da ita wajen wakilin Perkins, don akwai tsofaffin injina da ake wa sabon fenti.

Lambobi biyu ake rubuta masa, 110 kVA da 100 kVA, kuma mai sayarwa ya fi son ambaton babbar. 110 ɗin ƙarfinsa ne na jiran ko-ta-kwana, wanda ƙa'idar ISO 8528 ta iyakance ga awa 200 a shekara. An yi wannan lissafi ne don ƙasashen da wuta ke ɗaukewa sau ɗaya a shekara. A watan Oktoban 2024, lokacin da babban layin wutar lantarki na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi alhali layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, jihohin arewa da yawa sun yi fiye da mako guda babu wuta. Awa 200 kwana 8 ne da 'yan awoyi, wato a wannan duhun kaɗai rabon shekara ya ƙare. Saboda haka lambar da ta shafe mu ita ce 100 kVA, wadda ta yi daidai da 80 kW, ita ma ɗin da sharaɗin matsakaicin lodi na yini kada ya wuce 70 cikin 100. A taƙaice janareto ne na 55 zuwa 56 kW na aikin yau da kullum, wanda zai iya ɗagawa zuwa 80 idan buƙata ta taso. Da wannan za a yi lissafin asibiti.

Shan mansa ba shi da laifi. A cikakken lodi yana shan kusan lita 22 a awa, a kashi uku cikin huɗu kusan lita 17, a rabin lodi tsakanin lita 11 da 12. Asibitin da ke kunna shi awa 14 a yini a rabin lodi zai ƙone kusan lita 160 kullum. Tankin da ke ƙarƙashinsa na aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Wanda ke son ya jure kwana 3 ba tare da an kawo mai ba, a lodin kashi uku cikin huɗu, sai ya tanadi lita 1,200 da 'yan kai, don haka tankin waje na lita 2,000 ba almubazzaranci ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne ba a cika faɗa wa mai saye ba. Tsakanin ɗaukewar wutar NEPA da shigowar ta janareto akwai duhu, ko da an sa canjoba mai sarrafa kanta. Na'urar sarrafawa da ta fi yawa a kan waɗannan janaretoci ita ce DSE7320 ta kamfanin Deep Sea Electronics. Na'ura ce mai kyau, tana lura da layukan NEPA uku, tana tayar da inji, tana juya lodi, tana kuma ajiye tarihin duk abin da ya faru da rana da lokaci. Amma idan aka bar ta a saitin da ta zo da shi, sai ta jira wasu sakanni kafin ta buga kik, inji ya tashi, sannan ta sake jiran lokacin da aka ware don matsin baƙin mai da sauran ma'aunai su daidaita, kafin ta yarda ta ɗora lodi. Idan aka tara, sakan 15 zuwa 20 ke nan ko fiye. Ƙa'idar NFPA 110 ta Amurka ta ba asibiti sakan 10 ne. Ƙa'idar IEC 60364-7-710 ta ce muhimman kayan asibiti kada su wuce sakan 15 babu wuta, fitilar da ke kan gadon tiyata da kayan ceton rai kuma kada su wuce rabin sakan.

Ana iya rage wannan duhun. A sa injiniya ya jona kwamfuta, ya mayar da jiran farko sakan 2 ko 3, ya kunna zaɓin da ake kira Fast Loading, wanda ke ba na'urar damar ɗora lodi da zarar ma'aunai sun daidaita ba sai lokacin jira ya cika ba. Da batir mai lafiya ana saukowa sakan 8 zuwa 10. Ƙasa da haka da wuya janareton gas ya kai. Rabin sakan kuwa sai UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta nan take idan ta yanke.

Abin da sakan 10 ke yi a asibiti ya wuce duhu kawai. Na'urar da ke tace iskar oksijin tana tsayawa, kuma bayan wuta ta dawo takan ɗauki minti kaɗan kafin tsabtar iskar ta koma 90 cikin 100. Na'urar lura da bugun zuciya wadda batirinta ya mutu tana sake tashi daga farko. Na'urar gwajin jini a lab tana watsar da aikin da take kai, a yi asarar samfur da sinadari. Likitan da ya buɗe ciki yana ɗaure jijiyar da ke zubar da jini ba shi da sakan 10 na jira. Don haka duk wanda ya sayi wannan janareto ya sa kuɗin UPS a cikin kasafin tun farko, kuma ya zama irin wanda lodi ke rataye a kan inbatarsa kullum, wanda babu ko ƙiftawa idan wuta ta yanke, kamar APC Smart-UPS SRT ko Eaton 9PX. Ƙananan nan na ofis da ake sa wa kwamfuta ba su dace da ɗakin tiyata ba. Guda na 6 kVA ya ishi ɗakin tiyata ɗaya: fitila, injin sa barci, na'urar lura da majiyyaci, injin zuƙe ruwa, injin ƙona jijiya da na'urar oksijin. Wani na 6 kVA ya tafi ɗakin jarirai bakwaini don kwalabe da oksijin. A sa wa soket ɗin UPS jan launi, a hana jona esi da hita da butar lantarki da tukunyar dafa kayan aiki a kansu. A kuma faɗaɗa iyakar 50 Hz da UPS ke karɓa, in ba haka ba duk lokacin da janareto ya ɗan yi rawa sai ya ƙi wutarsa, ya ci gaba da shan batir har ya mutu janareto yana aiki. Batiran da ke cikinsa na son 25°C. Duk ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwarsu, saboda haka batiran UPS da aka kulle a sito mai zafi da wuya su kai shekara 2. Tukunyar oksijin cike a kusa da gado, wannan ba a fasa ta ko da an yi duk wannan.

Mafi yawan lokutan da janareto ya ƙi tashi, laifin ba na Perkins ba ne. Batir ne. Tsarin 12V ne, kuma na'urar DSE tana shan batir kaɗan-kaɗan dare da rana tana jira. Dole ne a sa caja ta daban wadda ke riƙe shi a 13.6 zuwa 13.8V, a jona ta a ɓangaren lodi na canjoba don ta samu wuta ko daga NEPA ko daga janareto. Wasu masu sayarwa ba sa haɗa wannan cajar sai an tambaya, to a tambaya, a rubuta ta a takardar ciniki. Batir cike yana nuna 12.6V idan an cire caja ya huta. Idan lokacin buga kik ya faɗo ƙasa da 10V, kwanansa ya ƙare ko da jiya ya tashi lafiya. A zafinmu a canja shi bayan wata 18 zuwa 24, kada a jira ya mutu. Na'urar tana gwada kik sau 3 ne, daga nan ta tsaya ta nuna alamar kasa tashi, kuma ba za ta sake gwadawa ba sai mutum ya zo ya danna.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan sauƙi kuma ya fi yawa: bakanike ya gama sabis ya bar na'urar a Stop ko Manual, ko mai shara ya dangwali jan maɓallin tsayawar gaggawa. Komai lafiya, amma ba zai tashi ba. Maganinsa a sa duba fitilar Auto cikin abin da ake miƙa wa juna a kowane canjin aiki, safe da yamma, a sa hannu a littafi.

Sai gas. Famfon wannan inji da man ne yake samun santsi, saboda haka gas da aka gauraya da kananzir yana cinye shi a hankali, ruwa kuma yana lalata nozul. Ruwa na shiga ta hanya biyu, daga mai kawowa da kuma raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cika ba. A sa filta mai raba ruwa da mai tsakanin babban tanki da inji, mai kofin gilashi da ake gani, a zubar da ruwansa kowane mako. Bututun da ke jan mai ya tsaya santimita 5 zuwa 10 sama da gindin tanki. Bayan an sauke sabon mai a bar shi ya kwanta awa 24 kafin a ja. Kada a yi amfani da bututun ruwa mai farin shafe na zinki, domin gas yana narkar da shi ya toshe nozul. Baƙin ƙarfe ake sawa. Kuma kada a taɓa bari tanki ya ƙare ƙaf, don iska za ta shiga layi, fitar da ita cikin dare da tocila aikin minti 20 ne ko fiye. Filtar jabu ma tana nan birjik, kwalinta kamar na gaske. Araha ba ta ado: filtar da aka rage 'yan dubbai a kanta ita ke jawo gyaran famfo.

Zafi da ƙura su ne jarrabawar da wannan janareto ke ci da kyar idan an ajiye shi ba daidai ba. An auna ƙarfinsa a 25°C, kuma ɓangaren da ke haifar da wuta yana fara rasa ƙarfi idan iskar da yake shaƙa ta wuce 40°C. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, tsakar ranar Afrilu ta wuce haka tun a inuwa, balle a ɗakin kwano mara taga. Kuma lokacin ne duk esi ke kunne. A bar masa sararin mita 1 ta kowane gefe. Tagar shigar iska ta kai girman fuskar lagireto sau ɗaya da rabi, iskar zafi kuma a yi mata hanya kai tsaye zuwa waje don kada ta dawo. A ɗaga daɓensa santimita 20 zuwa 30 saboda ruwan damina. Salansa ta fuskanci nesa da tagogin ɗakunan kwanciya, hayaƙin nan guba ne ga mai ciwon ƙirji. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da tururin mai ta liƙe a lagireto, inji ya yi zafi ya kashe kansa. A hura shi da iska daga ciki zuwa waje kowane mako biyu a wannan lokaci. Filtar iska ba a bugunta a bango. Takarda ce, idan ta tsage ƙura ta wuce kai tsaye cikin silinda. Ruwan lagireto a sa na gwangwani da aka haɗa rabi da rabi, ba ruwan bohol ba, wanda ke barin gishiri a ciki.

Wani rauni da ba a zata shi ne ƙarancin lodi. Ƙasa da 30 cikin 100, wato 24 kW, injin ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai sosai. Sai baƙin ruwa mai kauri ya fara tsatsowa daga mahaɗar salansa, ya riƙa shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu. Asibiti mai gado 40 da rana zai iya jan 50 kW, amma bayan tsakar dare, an rufe lab da ofisoshi, lodinsa na iya sauka 15 kW. Kunna 100 kVA har asuba a kan haka ɓarnar mai ce da ɓarnar inji. A nan ne janareto na biyu ƙarami, kamar mai injin 1103A-33TG1 na 45 kVA, ke biyan kuɗinsa, ko kuma sola da batirin litiyom su riƙe dare. Na biyun yana da wani amfani da ya fi tanadin mai: sabis na ɗaukar awa 1 zuwa 2, kuma asibiti mai janareto ɗaya ba shi da komai a wannan lokacin.

Ɓangaren haifar da wuta ya bambanta daga mai haɗawa zuwa wani. Stamford UCI274C da Leroy Somer duk nagari ne. Abin tambaya shi ne ko an sa masa PMG, wato ƙaramin janareto mai maganaɗisu da ke ba AVR wuta daban; AVR ita ce na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar da janareto ke fitarwa. Asibiti mai injin hoton ƙashi ya nemi mai PMG, da AVR irin MX341 idan Stamford ne. Injin hoto yana fisgar wuta mai yawa cikin ƙasa da sakan ɗaya, kuma janareto mara PMG sai wutarsa ta nutse, hoto ya fito ba kyau, UPS su yi ta kuka. Haka nan injin turbo ba ya son a jibga masa lodi duka lokaci guda. A raba allon wuta gida biyu: na dole, wato tiyata, ɗakin haihuwa, jarirai, gaggawa, firjin jini da na rigakafi, ya shigo nan take, esi na ofis da famfon bohol da wanki su biyo baya da jinkirin sakan 30 zuwa minti 1.

Wajen haɗa waya, a 400V janareton yana ba da 144A, don haka canjoba ta 200A mai ƙafa 4, wadda ke yanke har da nitiral, ita ta dace, da kebul na tagulla 70mm² idan tazarar ba ta wuce mita 50 ba. A yanka bakin kebul a duba, don akwai alminiyom da aka shafa wa tagulla. A saita na'urar ta ƙi wutar NEPA idan wani layi ya sauka ƙasa da 195V ko ya haura 255V, ko layi ɗaya ya ɓace. Wuta mara ƙarfi ta fi ɗaukewa gaba ɗaya ƙona kwamfiresan firji. Idan NEPA ta dawo kada a koma kanta sai ta tsaya minti 5 zuwa 10, domin sau da yawa dawowar farko ba ta daɗewa. Bayan an sauke lodi, inji ya yi minti 3 zuwa 5 yana juyi kafin ya mutu, don turbo ya huce.

Littafin Perkins ya ce canjin baƙin mai bayan awa 500. Da irin ƙurarmu da man da muke samu, awa 250 ya fi aminci: lita 8 na 15W-40 mai darajar CH-4 ko CI-4, da filtar baƙin mai da ta gas. Ga mai kunnawa awa 14 a yini, duk kwana 18 ke nan, don haka a ajiye kayan sabis biyu a sito kullum, tare da fanbel da AVR na ajiya. Saitin bawul bayan awa 1,000.

Ga asibiti mai gado 30 zuwa 50, da ɗakin tiyata ɗaya ko biyu da injin hoto, ina ba da shawarar a saye shi. Ga ƙaramin asibitin unguwa mai gado 10 ya yi girma, zai lalace da zaman banza; 30 ko 45 kVA tare da sola ya fi. Ga mai na'urar CT ko injinan wankin ƙoda da yawa ya yi kaɗan.

Kafin a biya ragowar kuɗi, a yi gwajin karɓa a gaban mai sayarwa. A kashe babbar birekar NEPA da hannu, ba danna maɓallin Test ba, a riƙe agogo a ƙirga sakan nawa wuta ta ɗauka kafin ta iso ɗakin tiyata. A maimaita sau 3. A kunna duk lodin asibiti da tsakar rana na awa 2, ana rubuta zafin ruwa da matsin baƙin mai da amfiya na kowane layi duk minti 15. Layukan uku kada su bambanta da fiye da 10 zuwa 15 cikin 100. A ɗauki hoton ƙashi guda ɗaya janareto na aiki, a ga ko UPS zai koma batir. Daga nan a mayar da wannan gwajin na kowane wata, aƙalla minti 30 da lodin da bai gaza 24 kW ba, a ranar da babu tiyata a jadawali, kuma a sanar da ɗakin jarirai kafin a taɓa bireka.